Ƙanina yana kan keke, zai iya koyon zamiya a dusar ƙanƙara?

"Malam, barka da aiki. Ƙanina ɗan shekara 26 ne. Shekara uku da suka wuce ya yi haɗarin mota, lakarsa ta taɓu. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsi, amma hannuwansa lafiya lau, shi ke tura kekensa. Inda muke zaune ana dusar ƙanƙara sosai, sai likitarsa ta fisiyo ta ce masa akwai masu zamiya a zaune. Tun ranar ya hana mu sakat. Ni tsoro nake ji kada a fama masa bayan da aka sa wa ƙarfe. Wannan abu ba ganganci ba ne? Wace irin kujera za mu saya masa, kuma zai ɗauki tsawon wane lokaci kafin ya iya?"

'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi masa. Tambayarki uku ce a dunƙule: ko abin yana da aminci ga mai irin rauninsa, wace kujera ce ta dace da shi, sannan kwana nawa koyon zai ci. Na daɗe ina koyar da zamiya a zaune, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kada ku sayi komai tukuna. Ku kai shi a auna jikinsa, a zaunar da shi a kujerar aro, ya sauko gangare sau biyu ko uku. Sauran amsoshin duk daga nan za su fito.

Harkar ta daɗe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus da Ostiriya da suka rasa ƙafa suka koma kan duwatsunsu, suna ɗaura ƙananan alluna a ƙasan sandunan dogarawa. A 1970 Hal O'Leary ya fara koyar da yaran da aka yanke wa ƙafa a Winter Park da ke jihar Colorado ta Amurka, kuma wannan makaranta tana nan har yau. A 1976 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta masu buƙata ta musamman karo na farko, a garin Örnsköldsvik na ƙasar Suwidin. Masu zama sun shigo daga baya, kujera mai allo ɗaya ta yaɗu a shekarun 1980. A gasar Sochi ta 2014, Anna Schaffelhuber ta Jamus ta ci zinare biyar a zaune, Jesper Pedersen na Norway kuma ya ci huɗu a Beijing a 2022. Na kawo su ne don ki san cewa kayan da za a zaunar da ƙaninki a ciki an shafe shekara arba'in ana gyara su, hanyar koyarwar ma haka.

Kujerun iri-iri ne

Kowace kujerar zamiya abu huɗu ce a haɗe: mazauni mai zurfi da ke rungume ƙugu, wurin ɗora ƙafafu a gaba, ƙarfen da ya riƙe su, sai allon zamiya a ƙasa, wato dogon siririn allon nan mai kaifin ƙarfe gefe da gefe. Bambancin yana ga yawan allon da kuma nisan mazaunin daga ƙasa.

Mai allo ɗaya, wadda 'yan harkar ke kira monosiki, tana tsaye ne kan allo guda irin wanda masu zamiya a tsaye ke ɗaurawa. Tsakanin mazaunin da allon akwai shokazoba irin ta babur, ita ke shanye gargada kamar yadda gwiwa ke yi wa mai tsayuwa. A kowane hannu mutum yana riƙe da gajeriyar sandar dogarawa mai ɗan allo a ƙasa. In ya ja 'yar igiyar da ke jikin mariƙin, allon ya miƙe tsaye, haƙoran ƙarfen da ke bayansa su kama ƙanƙara, sai ya tura kansa a fili. Ya sake ja, allon ya kwanta, ya koma abin zamiya. Wannan kujera ba ta tsayuwa da kanta, in aka sake ta sai ta kife. Tana neman ƙarfin hannu, da ɗan iko a tsokar ciki da ta baya, da juriyar faɗuwa. Amma wanda ya iya ta ya gama da neman taimako: shi kaɗai zai hau dutse, shi kaɗai zai sauko, duk inda mai ƙafa biyu ya bi zai bi.

Mai allo biyu, bayisiki, ta fi kusa da ƙasa. Allunanta gajeru ne masu faɗi, tsakiyarsu a tsuke, don haka da mutum ya karkata ko da kai da kafaɗa ne sai ta fara karya kwana. Ita ake ba wanda rauninsa ke sama, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko yaron da aka haifa da lalurar da ke hana shi sarrafa gaɓoɓinsa. In hannu ba zai iya riƙe sanda ba, sai a ɗaura ƙananan alluna biyu a jikin kujerar, malami kuma ya bi ta a baya da igiya biyu kamar linzami. Kujerar da aka ɗaura wa waɗannan alluna ba a taɓa sakinta ba linzami, domin mai ita ba shi da hanyar tsayar da ita.

Akwai wasu a tsakani. Kamfanin Tessier na Faransa yana yin wadda ke da ƙirar monosiki amma kan allo biyu, da wadda ake tuƙawa da sanduna biyu na hannu har a taka birki, da wadda malami ke tsayuwa a bayanta ya tuƙa baki ɗaya. A Jami'ar Utah an ƙera TetraSki, wadda mutumin da hannuwansa ma suka shanye ke sarrafawa da ɗan sandan lantarki irin na keke, ko kuma da hura iska da zuƙarta ta bututu a baki. Sannan akwai zamiyar fili, inda babu gangare sosai, mutum yana tura kansa da dogayen sanduna biyu. Ita faɗuwarta kaɗan ce, aikin numfashi da kafaɗa ne ya fi yawa.

Abin da nake dubawa

Sunan lalura ba ya zaɓar wa mutum kujera. In sabon ɗalibi ya zo, nakan zaunar da shi a bakin benci, ƙafafunsa a dafe, in ce ya ɗaga hannu biyu sama. Sai in ce ya sunkuya gaba ya dawo ba tare da ya dafa komai ba. In jefar da safar hannu a gefensa in ce ya ɗauko, dama da hagu. In ba shi yatsuna ya matse, in sa tafina a nasa in ce ya ture ni. Cikin minti goma na san fiye da abin da takardar asibiti za ta gaya mini.

Yadda kika kwatanta, ji yana tsaya masa a cibiya. Jijiyoyin da ke kai ji wurin suna fita ne daga gaɓa ta goma ta ƙashin bayan ƙirji, wadda likitoci ke rubutawa T10. Mai rauni a nan galibi tsokar cikinsa ta sama tana aiki, ga hannu lafiyayye, ga shekara uku na tura keke da suka gina masa kafaɗa. Irinsa ne muke ɗorawa kan monosiki, wani lokacin tun ranar farko, wani lokacin bayan yini ɗaya a mai allo biyu don ya saba da gudu. Sai dai ban gan shi ba, kuma na sha ganin mutum biyu masu harafi da lamba iri ɗaya a takarda, ɗaya ya zauna ƙyam, ɗaya yana rinjaya gefe guda. Malamin da ya taɓa shi da hannunsa shi ne zai yanke.

Maganar ƙarfen da ke bayansa kuwa, wannan hukuncin likitan da ya yi masa aiki ne, ni malamin zamiya ne. Wasu makarantu ma ba za su karɓe shi ba sai da takardar likita. In za ku je, kada ku tsaya a "zai iya wasa?" Ku gaya wa likitan abin da jikin zai gamu da shi: jijjiga daga ƙasa, murɗa gangar jiki dama da hagu, faɗuwa ta gefe daga tsayin da bai kai na kujerar zama ba. Ku tambaye shi ko ƙashin ya gama haɗewa, da kuma ƙarfin ƙasusuwan ƙafarsa. Na koyar da mutane da dama masu ƙarfe a baya, da izinin likitocinsu.

Kujera ita ce takalminsa

A nan nake so ki tsaya da kyau, domin a nan ake cin nasara, a nan kuma ake ɓata wa mutum wasan tun bai fara ba. Mai zamiya a tsaye yana ba allonsa umarni ta takalmi mai tauri da ya matse masa ƙafa. In takalmin ya yi yawa, ƙafa ta juya a ciki, allo bai ji ba. Ga mai zama, mazaunin ne takalmin. Duk ɗan motsin da ƙaninki zai yi da kafaɗa ko haƙarƙari dole ya isa ga allon nan take. In akwai sarari ko na yatsa biyu tsakanin ƙugunsa da bangon mazaunin, zai karkata, jikinsa ya zame a ciki, kujera ta ci gaba da tafiya miƙe. Sai ya ɗauka shi ne ya kasa, alhali kayan ne ba su kama shi ba.

Shi ya sa darasin farko rabinsa a ɗaki yake ƙarewa. Ana tura mazaunansa can ƙuryar kujera, a duba ko ƙashin ƙugunsa na dama da na hagu suna daidai. Wanda ya daɗe a keke sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi sauka, sai a cike da soso mai tauri har su daidaita, in ba haka ba zai riƙa juyawa gefe ɗaya cikin sauƙi, ɗaya gefen ya gagare shi. Ana sa soso tsakanin gwiwoyi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Gwiwoyin a lanƙwashe kaɗan, wanda yakan rage fizgar tsoka. Sai ɗamara: ta ƙafa, ta cinya, ta ƙugu, sannan ta ciki ko ƙirji. Ƙa'idar ita ce a ɗaure har zuwa inda ikonsa ya tsaya, a saki daga nan zuwa sama. In aka ɗaure shi har ƙirji alhali tsokar cikinsa ta sama tana aiki, an ƙwace masa abin tuƙinsa. In aka bar ta ƙasa da inda ya kamata, zai riƙa kifewa gaba.

Daga nan sai gwajin da nake jin daɗin yi. Mukan ajiye guntun itace zagayayye a ƙasa, kaurin muciya, mu ɗora allon a kai da mutumin a zaune cikin shigarsa ta fita, sanduna a hannu. Sai a riƙa gusar da shi gaba da baya har a sami inda zai tsaya cak, da ya ɗan noƙe kai gaba hancin allon ya taɓa ƙasa, da ya ɗago wutsiyar ta taɓa. Wannan wuri shi ne tsakiyar nauyinsa, kuma ana gyara kujerar har ya faɗa daidai tsakiyar allon. Kuskuren santimita biyu a nan yana iya sa mutum ya wuni yana kokawa da kujerar da ta ƙi juyawa.

A kan dusar

Ana farawa a fili. Ya koyi zama daidai da sanduna, ya tura gaba, ya tura baya, ya juya a wuri ɗaya. Sannan mu koya masa faɗuwa da gangan: ya tattara hannuwa jikinsa, ya bar kafaɗa da gefen kujera su sha ƙasa. Ina matsa wa ɗalibai a kan wannan fiye da komai, domin mai keke kafaɗunsa su ne ƙafafunsa. Targaɗen da zai hana wani wasa na mako biyu, shi hana shi sauka daga gado zai yi.

Sai ɗan gangare mai laushi wanda ke ƙarewa a fili, ya sauko miƙe, ina riƙe da bayan kujerar. Bayan haka juyawa. Mai tsayuwa yana iya haɗa hancin allunansa biyu ya rage gudu, mai allo ɗaya ba shi da wannan, birkinsa shi ne kwana. Nakan ce wa ɗalibi ya kalli inda yake son zuwa, ya miƙa sandar wannan gefen kamar mai buɗe ƙofa, ya ci gaba da juyawa har hancin allon ya fara fuskantar tudu, sai kujerar ta tsaya da kanta. Ranar da ya haɗa kwanar dama da ta hagu a jere, ya tsaya inda na nuna masa, ranar nake cire hannuna.

Hawa dutse kuma da kujerun nan ne da ke rataye a waya kamar lilo. Kujerar zamiya tana da makulli da ake saki, mazaunin ya ɗaga sama, lilon ya shigo ta ƙarƙashinsa ya ɗauke shi da kayansa gaba ɗaya. Ana rage wa lilon gudu, malamai biyu su kama, a maƙala igiyar tsaro a jikinsa. Saboda wannan ɗagawar ne makarantu da yawa ke da iyakar nauyi, galibi wajen kilo 90 zuwa 100, don haka ku tambaya tun a waya.

A abin da na gani, matashi mai irin jikin ƙaninki yakan haɗa kwana a gangaren 'yan koyo cikin darasi uku zuwa biyar. Kafin ya iya hawa lilo, ya tashi da kansa in ya faɗi, ya shiga gangaren da ya fi tsauri, a ba shi hunturu ɗaya ko biyu. Yini uku a jere sun fi yini uku a warwatse cikin wata uku amfani.

Haɗarin da ba ya ciwo

Kin ji tsoron faɗuwa, kuma zai faɗi, sau da yawa ma. Amma yana kusa da ƙasa, da hular kwano, a gangare mai laushi. Abin da ya fi hana ni barci shi ne rabin jikinsa da ba ya kai ƙara.

Na farko fata. Kujerar a matse take, ga jijjiga, ga danshi. Ɗinkin wando mai kauri, ko maɓalli, ko mukulli a aljihun baya, ya isa ya fara gyambon zama, wanda kan kwantar da mutum watanni. Ya taɓa faruwa a hannuna a shekarun farko: ɗamarar cinyar wata ɗaliba ta naɗe ban lura ba, muka yi awa biyu a haka. Da yamma aka ga tabo, ta yi kwana tara ba ta zauna a kekenta yadda ta saba ba. Tun daga ranar nake bin kowace ɗamara da tafin hannuna kafin mu fita, kuma nakan sassauta su duk bayan ɗan lokaci ɗalibi ya ɗaga jikinsa. Ku ma da kun koma gida a duba mazaunai, da ƙashin ƙugu, da gwiwa, da dunduniya, da madubi. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri, ko kumburi. In ya wuce rabin awa bai baje ba, kada ya sake zama a kai sai likita ya gani.

Na biyu sanyi. Ƙafar da ba ta motsi ba ta yin ɗumi, jini ma a hankali yake zagaya ta, kuma ba za ta gaya masa ta daskare ba. A sa masa safa mai kauri wadda ba ta matse ba, da takalmi mai ɗumi mai yalwa, a riƙa shiga ɗaki ana taɓa yatsun da hannu. Kuma kada a ɗumama su da ruwan zafi ko a kara su a jikin hita, ko a manna musu ƙunshin ɗumin nan na aljihu. Fatar da ba ta jin sanyi ba ta jin ƙuna.

Na uku ƙashi. Bayan raunin laka, ƙasusuwan ƙafa suna rage ƙarfi da sauri a shekarun farko, musamman kewayen gwiwa, har sukan karye da ɗan murɗawa ba tare da ciwo ba. Kumburi, ko fizgar tsoka da ta ƙaru ba dalili bayan faɗuwa, dalili ne na zuwa asibiti. Ga masu rauni daga T6 zuwa sama akwai ƙarin abu: cikar mara, ko robar fitsari da ta lanƙwashe a ƙarƙashin ɗamara, na iya sa jini ya hau farat ɗaya, da sara a kai da gumi a fuska. Nan take ake zaunar da mutum a miƙe, a kwance duk abin da ya matse shi, a nemi agaji. Raunin ƙaninki yana ƙasa da nan, amma shi ma ya zubar da fitsari kafin a ɗaure shi, ya kuma sha ruwa, kada ya ƙi sha don gudun wahalar banɗaki.

Saye, da kuma inda za a je

Kujerar monosiki tana da tsada ƙwarai, kuma wadda ta dace da ɗan koyo ba ita zai so ba bayan shekara. Makarantun da ke wannan aiki suna haɗa kayan cikin darasi, wasu suna da masu sa kai da tallafin kuɗi. A Amurka ƙungiyar Move United tana da rassa da yawa, a Birtaniya akwai Disability Snowsport UK, a Kanada akwai CADS, a Faransa kuma ana bi ta ƙungiyar Handisport. Wasu suna koyarwa a rufaffun ɗakunan dusa, duk shekara. Ya gwada ƙira biyu ko uku, irin na Tessier, ko Praschberger na Ostiriya, ko Nissin na Japan. In ya kai ga saye, ƙarfen na hannu ma ya wadatar in an duba shi, amma mazaunin ya zama daidai ƙugunsa. Abin da ya cancanci ku saya yanzu shi ne hular kwano, da tabarau na dusa, da safar hannu mai hana ruwa, da wando marar ɗinki a mazaunai.

In kun kira makaranta, ku tambaya ko malamin yana da takardar koyar da masu zama, ko suna auna ɗalibi kafin su fita da shi, da mutum nawa za su bi shi. Sannan ku tambayi abin da na fi damuwa da shi: koya masa za su yi, ko yawo za su yi da shi? Akwai wuraren da za a ɗaure mutum, malami ya tuƙa shi sama da ƙasa, a ɗauki hoto, a tashi. Ga wanda jikinsa bai ba da damar fiye da haka ba, wannan abin farin ciki ne na gaske, ba na raina shi. Amma mai hannuwa irin na ƙaninki, wanda ya shekara uku ana yanke masa shawarar inda za shi da lokacin da za shi, a bar shi ya riƙe tuƙin da kansa. Ki bar shi ma ya yi kiran, shi ya amsa tambayoyin malamin game da jikinsa.

Ranar darasin, ki tsaya a ƙasan gangaren, a inda malamin ya nuna miki. In ya faɗi kada ki ruga, ki bar su su tashe shi yadda zai koya. In kuma kin ga ya shiga kwana, ki riƙe muryarki har sai ya tsaya, domin inda ido ya kalla nan kujerar ke nufa, in kika kira sunansa kanki zai yo.